Fili kusa da sansanin jiragen soja: ku fara tambayar inda titin jirgi ya fuskanta

Tambaya: Mu gida talatin da 'yan kai ne, yawancinmu daga Sinja da Dindir yaƙin Sudan ya koro mu, yanzu muna zaman haya a Karari, cikin Umdurman. Mun yi sanduƙi, wato asusun haɗin gwiwa, mun tara kuɗi. Wani samsari, wato dillali, ya nuna mana fili mai araha a arewacin Umdurman, ba nisa da sansanin jiragen soja na Wadi Sayyidna. Takardar hiyaza gare shi, wato shaidar riƙon wuri. Ya ce daga filin zuwa wayar da soja suka kewaye sansanin da ita ya fi kilomita ɗaya, kuma zama kusa da soja ya fi tsaro. Muna so mu yanka filaye, mu fitar da masallaci da makarantar allo da wurin yanka, tunda akwai mahauta a cikinmu. Mu saya?

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara muku haƙuri, ya sa wahalar nan ta zama kaffara. Na yi shekaru ina aikin awon ƙasa da tsara unguwanni kafin in ajiye, kuma abin da zan fara gaya muku shi ne kada ku ba da ko jine ɗaya tukuna, ko da sunan kafin alƙalami ne. Ban ce filin ba ya sayuwa ba. Ma'aunin da samsarin ya ba ku ne ba shi da amfani, wato nisan da ke tsakaninku da waya. A harkar filin jirgi waya ba ta nuna komai sai inda mai gadi zai tsayar da kai. Abin da ake aunawa shi ne titin jirgin kansa: ina kansa ya dosa, ina gindinsa ya dosa, kuma filin naku yana kan wannan miƙaƙƙen layi ne ko yana gefe.

Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, haka kuma yake sauka. A yankin Hartum iska daga arewa take busowa mafi yawan shekara, sai da damina ta juya ta fito daga kudu maso yamma, shi ya sa titin filin jirgin Hartum ya kwanta daga arewa zuwa kudu. Lokacin da jirgi ya fi rauni kuwa shi ne ɗan tsakanin nan da ya bar ƙasa bai gama hawa ba, cike da mai, cike da kaya, da kuma lokacin da ya sauko ƙasa-ƙasa ya rage gudu. In inji ya mutu a wannan hali, matuƙi ba shi da sararin da zai juya. Gaba zai faɗa, kan duk abin da ke gabansa. Saboda haka gidan da ke gefen titi da tazarar mita 800 yana iya fin gidan da ke bakin titi da tazarar kilomita 4 kwanciyar hankali.

Ku da ke Karari ba sai an ba ku labari ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2025 jirgin soja ƙirar Antonov ya tashi daga Wadi Sayyidna da dare, bai yi nisa ba ya faɗo cikin gidajen mutane, hukumomin jihar Hartum suka ce mutum 46 suka rasu, sojoji da farar hula. Waɗanda abin ya rutsa da su a ƙasa ba a jikin waya suka yi gini ba, cikin unguwa suke, a gidajensu. 'Yan uwanmu na Kano ma sun ga irinta a watan Mayun 2002, da jirgin fasinja ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya faɗa Gwammaja, mutum fiye da 100 suka halaka, da yawa daga cikinsu a ƙasa.

Waɗanda suka fi kowa zama su auna wannan abu su ne sojojin Amurka. Tun 1973 suka fito da tsari na musamman don unguwannin da ke kewaye da sansanoninsu, bayan sun bi diddigin wuraren da jiragensu suka riƙa faɗuwa. Daga ƙarshen titi suna shata wani zirin ƙasa mai faɗin mita 915 su raba shi uku. Kashi na farko tsawonsa mita 915, ba a gina komai a ciki. Na biyu kimanin mita 1,500, ana yarda da gona da sito da ƙananan masana'antu, amma ban da gidan kwana. Na uku kimanin mita 2,100, ana yarda da gidaje jefi-jefi, ɗaya ko biyu a ƙasar da ta kai faddan guda, wato kusan eka ɗaya, amma ban da makaranta, ban da asibiti, ban da duk wurin da jama'a ke cunkushewa. In ka haɗa duka, kilomita 4 da rabi ke nan da ɗan ɗori, a kowane kai na titin. Wannan ba dokar Sudan ba ce, kada ku je ofis kuna kafa hujja da ita. Sanda ce ta awo da na ga tana da ma'ana. Ku gwada ta da abin da kuke shirin yi: in kun yanka filaye na murabba'in mita 300, bayan an fitar da hanyoyi faddan ɗaya zai ɗauki gida takwas ko tara, ga masallaci, ga yara a makarantar allo safe da yamma. In filin yana cikin zirin nan, ko a kashi na ukun ne, abin da kuke so ku yi shi ne ainihin abin da aka hana.

Maganar tsayin gini ba za ta dame ku sosai ba. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ga manyan filaye ita ce kada wani abu ya haura mita 45 sama da filin a cikin kewayen kilomita 4, a bakin titi kuma rufin da aka yarda yana hawa ne mita 2 a kowace mita 100, wato mita 20 bayan kilomita ɗaya. Ɗakin jalus, wato na laka, ko na jan bulo bai kai nan ba. Hasumiyar masallaci, tankin ruwa na unguwa da ƙarfen kamfanin waya su ne ake dubawa. Ƙa'idar ma ta filayen farar hula ce, domin yarjejeniyar sufurin jiragen sama ta Shikago ta 1944 ta cire jiragen soja daga hukuncinta, soja kuwa suna iya tsananta tasu fiye da haka.

Wurin yanka shi ne ya fi tsaya mini a rai, don na san sana'ar mutanenmu ce, kuma na san ba wanda zai kawo muku wannan magana sai bayan kun gina. Inda aka zubar da jini da tumbi da ƙashi, nan shirwa da ungulu da hankaki ke taruwa, suna shawagi daidai tsayin da jirgi ke bi in zai sauka. Tsuntsu ɗaya in ya shiga injin jirgin yaƙi mai inji guda, magana ta ƙare. Shi ya sa masana ke cewa a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsaye har kilomita 13 daga filin jirgi: mayanka, juji, kududdufin da ruwan damina ke kwanciya, wurin shanya kifi. Mai gasa agashe a bakin hanya ba ya cikin wannan lissafi. Amma fili a buɗe da ake yanka shanu kullum asuba, ranar da wani hafsa ya hango tsuntsaye suna kewaya shi, rufe shi za a yi, kuma ban ga laifinsa ba. In dole sai an yi, to a yi shi da rufi da daɓen siminti da rami mai murfi, a kwashe ƙazanta kullum, a kuma nemi izini a rubuce tun kafin a sa tubali. Masu kiwon tattabaru ma a ja musu kunne.

Sai ƙara. Na taɓa zuwa awo wata hilla, wato ƙaramar unguwa, da ke ƙarƙashin hanyar jirage, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida bayan la'asar, aka kawo shayi. Muna cikin magana sai kofunan suka fara kaɗawa a kan faranti tun kafin mu ji komai, sannan ƙarar ta iso. Mai gidan ya tsaya da bakinsa a buɗe a tsakiyar kalma, ya jira, jirgin ya wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru. A makarantar allon da ke maƙwabtaka ma karatu ya ɗauke ɗif, sannan ya dawo. Na tambaye shi sau nawa ake haka a yini, ya ce ya daina ƙirgawa. A tsarin Amurkawa, wurin da matsakaicin ƙararsa ta dare da rana ta kai desibel 65 ba a son a yi gidan kwana, kuma jirgin da ya wuce da dare ana ƙara masa desibel 10 a lissafi saboda barcin da yake katsewa. Maganinsu shi ne taga mai gilashi biyu da rufi mai kauri. Mu da muke fitar da gadon angarib tsakar gida mu kwana a waje rabin shekara, wane gilashi ne zai tare mana? Kafin ku yanke shawara, mutum biyu ko uku su je su kwana wajen wani da ke zaune a yankin, dare biyu ko uku, su ji da kunnensu.

Da samsarin ya ce kusa da soja ya fi tsaro, ba ƙarya zalla ya yi ba. Karari ta tsaya a hannun soja tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dalilin da ya sa ta cika da 'yan gudun hijira ke nan, kuma ta Wadi Sayyidna ne ƙasashen Turai suka kwashe mutanensu a makonnin farko. Sai dai sansanin jirage shi ne abin da abokin gaba ke fara nema. A Marawi, filin jirgi na cikin wuraren da aka fara gwabzawa. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai har Bur Sudan, suka fara da sansanin Usman Digna da ke jikin filin jirgi. Abin da aka harbo a sama kuma dole ya sauko a kan wani. Ga rumbun makamai, wanda ba a nuna shi a taswirar da za a ba farar hula. Mutanen kudancin Hartum suna tuna daren da masana'antar makamai ta Yarmuk ta kama wuta a Oktoban 2012, na Legas kuma suna tuna fashewar rumbun makaman barikin Ikeja a Janairun 2002, inda fiye da mutum 1,000 suka mutu, akasarinsu garin gudu suka faɗa ruwa.

Yanzu bari in zo kan takarda, don a nan ne na fi ganin mutanenmu suna kuka.

Hiyaza ba mallaka ba ce. Shaida ce kawai cewa wane yana riƙe da wuri, galibi da hatimin kwamitin unguwa ko sa hannun shehun hilla da shaidu biyu. Tun dokar 1970 duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta zama ta gwamnati, kuma ko da aka maye gurbin dokar da ta mu'amalolin jama'a ta 1984, wannan tushe bai canza ba. Abin da ke tsayawa a gaban alƙali shi ne shahadar bahas daga ofishin rajistar filaye, mai ɗauke da lambar fili da lambar murabba'i, wato sashen unguwa, da sunan mai shi, a kuma ga ko milki ne, wato cikakkiyar mallaka, ko hikir, wato hayar ƙasa daga gwamnati. Ana samun hillar da ta fara da hiyaza daga baya hukuma ta zo ta tsara ta, kowa ya samu lambarsa. Wannan fata ce ke sa mutane saye, samsari ma ita yake sayarwa. Amma hillar da ta faɗa cikin haramin filin jirgi, wato kewayen da aka hana gini, ko ƙasar da aka keɓe wa soja ba a tsara ta. Ana barin ta ne kawai har ranar da aka bukaci wurin.

Na ga ranar da idona. An tura mu wata unguwa mu sa alama, ni da abokan aiki da mota ɗaya ta 'yan sanda. Wani dattijo ya fito da leda daga aljihun jallabiyarsa, ya warware ta a hankali, ya ciro takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa, ga hatimi shuɗi ya dushe, ga dangwalen yatsa biyu. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan da ya saya, ga darbejiyar da ya dasa ta fi ɗakin tsawo. Na buɗe masa taswirar da ke hannuna, layin ya bi ta bayan gidansa da mita kusan 200, kuma an ja shi tun kafin ya saya. Ofishin da ya ja layin bai taɓa aiko wa kwamitin unguwa kwafi ba, kwamitin kuma ya yi ta buga hatimi yana karɓar kuɗin shaida. Ba wanda ya yi masa ƙarya kai tsaye, kowa dai ya yi aikinsa a ɗakinsa ya rufe ƙofa. Muka shafa jan fenti a bangon muka wuce. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Ciwon da ke cikin wannan harka ke nan a ƙasarmu. Soja suna da iyakarsu a taswirarsu, suna ganin sirri ce. Ma'aikatar tsare-tsaren gine-gine ta jiha tana da tata taswirar. Ofishin filaye yana rabawa, ofishin awo yana kafa duwatsu, rajista tana ƙarƙashin hukumar kotuna, mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, tana karɓar kuɗin izinin gini, hukumar jiragen farar hula kuma tana kula da sararin sama. Dokar tsara birane da rabon filaye ta 1994 ta tanadi kwamitocin tsare-tsare, amma talaka ba ya ganin inda waɗannan ofisoshi suka haɗu sai ranar rusau. A inda abin ke tafiya daidai, kwamandan sansani da hukumar gari da wakilan unguwanni suna zama teburi ɗaya, a fitar da taswira guda mai nuna inda ba a gini, inda ake gona kawai, inda ake gida, a manna ta a bango kowa ya gani. Ba a bukatar soja su faɗi abin da ke cikin sansaninsu. Layin waje kawai ake nema.

Tunda ba a yi muku wannan zama ba, ku za ku bi ofis-ofis ku haɗa shi da ƙafarku, kuma ku yi shi da sunan ƙungiya. Mutum ɗaya in ya je, sai a ce ya dawo gobe. Gida talatin da takarda da wakilai uku, ana ba su kujera. Ku ɗauki injiniyan awo mai lasisi ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin ya zana kuruki, wato taswirar filin. Da kurukin za ku je ofishin awo da na tsare-tsare ku yi tambaya a rubuce: wannan wuri me aka ware shi dominsa, gidaje, noma, ko harami? Akwai rajista a kansa da sunan wani ko da sunan wata hukuma? Daga nan ku nemi mahalliyya ta rubuta wa rundunar sansanin wasiƙa tana neman adam mumana'a, wato shaidar cewa ba su da ja a kan a yi gidaje a wurin. Amsar baki ba ta da amfani ko daga bakin wa ta fito. Hafsan da ya ce muku "ku gina, ba komai" ana iya canza masa wurin aiki kafin ku yi rufi, wanda ya gaje shi kuma bai san da zancen ba.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada wani yaro mai zafin kai ya ce zai je ya auno da wayarsa ta hannu, ko ya ɗauki hoto, ko ya tsaya kusa da wayar sansanin yana duba taswira. A wannan lokaci ana kama mutum a kan abin da bai kai haka ba, kuma ku baƙi ne a yankin, kun fito daga garuruwan da aka yi yaƙi. Injiniyan ma ya fara sanar da mahalliyya, ya riƙe takardar izini a aljihu. Shi zai iya gaya muku a ofishinsa ko filin yana bakin titi ko yana gefe, ba sai kowa ya matsa kusa ba.

Wani zai ce ai gari in ya girma filin jirgi ne ke tashi. Yakan faru. A Riyad ta Saudiyya birni ya haɗiye tsohon filin jirgi, wanda ya zama sansanin soja bayan an buɗe filin Sarki Halid a 1983, daga baya aka kwashe sansanin, a 2019 aka sanar da gina lambun Sarki Salman a wurin, fiye da murabba'in kilomita 16. A Hartum ma Amarat da Riyad da Arkawit sun kewaye filin jirgi, an yi shekaru ana maganar sabon fili a kudancin Umdurman, bai kammalu ba. Sai dai ku dubi su wane ne ke zaune a waɗannan unguwanni, da irin takardun da ke hannunsu. Mu namu tarihin daban ne. Unguwar Ishash Fallata ta yi shekaru masu yawa a tsakiyar Hartum, da aka bukaci wurin aka kwashe mutane zuwa Inƙaz. Rikicin da ya rutsa da mutanenmu a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ma, tushensa maganar wa ke da ƙasa ce. Duk inda za mu zauna yanzu, takardarmu tana bukatar ta fi ta kowa ƙarfi.

In amsa ta fito cewa filin yana gefe, ba ya cikin harami, an ware shi don gidaje, to ku saya, ku sa masallaci da makaranta a kusurwar da ta fi nesa da sansanin, ku bar gefen da ke kallonsa ga sito da garejin raksha da wurin ajiye kaya, ku kuma duba inda kwarin ruwa ya bi, don ƙasar arewacin Umdurman tana da rafukan da ke bushe shekara da shekaru sannan su taso dare ɗaya. In ta fito cewa yana bakin titi amma ƙasar noma ce mai rajista, ana iya sayenta a yi lambun kayan miya, a nemi wurin kwana a wani waje. Dawa da gero kuwa suna kiran tsuntsu, a bar su.

Shi kuma samsarin, ku gaya masa kuɗin suna nan a sanduƙi, za a biya a gaban lauya ranar da shahadar bahas ko amsar ofishin tsare-tsare ta fito, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa in wurin ya zama harami ciniki ya warware. Ba a cinikin biri a sama. In ya ce akwai wasu masu saye suna jira, ba zai iya ɗaga muku mako uku ba, ku ce masa Allah ya ba da sa'a, ku tambaye shi ko yana da wani filin a yamma, wajen da jirgi ba ya bi.